Ɗan Feshi Ma Ma'aikaci Ne

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da sassafe a lokacin rani, ya ratsa Kura zuwa Kadawa ko ya karkata wajen Bunkure, zai gan su a bakin kanal. Samari ne goye da tankin feshi mai cin lita 16, hannu guda na buga famfo, ɗayan na kaɗa sanda a kan tumatir ko albasa. Silifa ne a ƙafa, rigar kuma ta jiƙe sharkaf a gadon baya da abin da ke tsiyayowa daga murfin tankin. In bakin sandar ya toshe, sai yaro ya kwance shi, ya kai baki ya hura. In ya gama, ya wanke hannu a ruwan kanal, ya nemi madara ya sha, wai tana kashe dafin. Madara ba ta kashe komai. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a dubi wannan yaro a matsayin ma'aikacin sinadarai, domin shi ɗin ne, illa dai masana'antarsa ba ta da bango balle mai gadi.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, yankin Kura, Bunkure da Garun Malam ya daina sanin hutun rani. Shinkafa da damina, alkama da kayan gwari da rani. Alheri ne babba, kuma kwandunan tumatir na kasuwar Kwanar Gafan shaida ne. Sai dai gonar da ba ta hutawa, ƙwarinta ma ba sa hutawa. A 2016, da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye tumatir, an ga yadda mutum ke haɗa magani biyu ko uku a tanki ɗaya, ya fesa yau ya koma jibi, don kada jarinsa ya salwanta. Ba mu ga laifin mai gona ba. Amma wanda ya sha wannan haɗin a fatarsa da huhunsa, yawanci ɗan ƙwadago ne da ake biya gwargwadon tankunan da ya fesa.

Kowa ya san cutar da ke zuwa nan take: jiri, amai, dalalar miyau, ganin dishi-dishi. Wannan akan garzaya da mutum kemis ko asibiti. Wadda ta fi damun mu ita ce wadda ba ta sallama. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wani rubutaccen tsari, wanda masana ke kira ƙwayoyin gado, shi ke faɗa wa ƙwayar yadda za ta girma da lokacin da za ta tsaya. Wasu sinadarai kan shiga su karya wannan rubutu ko su jirkita shi. Jiki yana gyara mafi yawan ɓarnar da kansa, amma in ana yi kullum, wata rana gyaran zai kuskure, ƙwaya ta ci gaba da hayayyafa ba tsayawa. Mafarin ciwon daji ke nan. Tsakanin ɓarnar da bayyanar cutar ana iya shafe shekara 20, lokacin da ɗan feshin ya zama magidanci, ya manta ma da ya taɓa goyon tanki.

A masana'antun roba duniya ta koyi wannan darasi, kuma da gawarwaki ta biya kuɗin makaranta. A Ingila, an daɗe ana zuba wa roba wani sinadari don kada ta yi saurin tsagewa. An janye shi a 1949, bayan an gane yana ɗauke da gubar da ke haddasa sankarar mafitsara, amma ma'aikatan da suka taɓa shi sun ci gaba da kamuwa shekaru da dama bayan haka. A yau Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sa aikin masana'antar roba a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. An kai ga tabbatarwa ne saboda ma'aikatan suna da suna a rajista, an san shekarar da kowa ya shiga da sashen da ya yi aiki, aka bi su har kabari aka ƙirga. Wa ke da sunan ɗan feshin Kura?

Akwai kuma labarin da ya kamata ya taɓa duk Bahaushen da ya san darajar haihuwa. A 1977, ma'aikatan wata masana'anta da ke yin DBCP, wani maganin tsutsar ƙasa, a jihar Kalifoniya ta Amurka suka lura, a hirarsu ta yau da kullum, cewa an daɗe ba a yi suna a gidajensu ba. Da aka gwada su, aka tarar da yawansu sun rasa ƙwayar haihuwa. Duk da haka an ci gaba da fesa maganin a gonakin ayaba na ƙasashe irin su Kosta Rika da Nikaragwa, inda leburori suka kwashe shekaru suna shari'a. A nan gida, in haihuwa ta ƙi zuwa, matar ake kallo.

Ba mu ce duk maganin da ke shagunan Kura haka yake ba. Tun 1991 hukumar ta Liyon ta ce sana'ar feshin maganin ƙwari mai yiwuwa ne tana haddasa ciwon daji, kuma a 2015 ta faɗi haka game da gilaifoset, maganin ciyawar da kusan kowane manomi ya sani, ko da yake hukumar kare muhalli ta Amurka ba ta yarda da ita ba. To, in masana suna jayayya a kan wanda ke fesawa sanye da safar hannu da takalmin roba, ina ga wanda ke dama maganin da tsinke, ya kwana da rigar, matarsa ta wanke ta tare da kayan yara? Mun ga abin da kai aiki cikin gida ya jawo a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan ƙananan yara.

Abin takaici, mun fi saurin motsi in kasuwa ta taɓu. Da Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda yawan sinadarin fiya-fiya a cikinsa, an yi ta taruka. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta farakwat, maganin ciyawar da Turai ta kora tun 2007 kuma ba shi da makari in an sha. Sanarwa a Abuja daban, leƙa kantar ƙauye ranar kasuwa daban. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuwa, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ba ta san hanyar gona ba, tunda ɗan feshi ba shi da takardar ɗaukar aiki.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta san kowace gona a wannan shiri na noman rani, kuma akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a sassan kanal. Ta hannunsu za a iya rubuta sunan kowane mai feshi, a koya masa aikin, a ba shi kati da kayan kariya masu jure zafinmu, a kuma hana ba yaro ƙarami tanki. Gwajin da ke nuna ɓarnar ƙwayoyin gado ba sai an je Turai ba: ana iya goge cikin kumatun mutum a duba a madubin likita, kuma Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da masu wannan ilimi. Gargaɗin da ke jikin kwalba kuma a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, da baƙi manya.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam da su fara da rajistar nan kafin a buɗe ruwan rani mai zuwa. Kai kuma mai gona, in ka kira yaro ya yi maka feshi gobe, ka haɗa masa da safar hannu da sabulu, ka hana shi hura bakin sanda.