Wa ke hana majinyaci magani, kuma don me?

Babu tsarin lafiyar da ba ya cewa a'a. Abin dubawa shi ne mai faɗin a'ar, da abin da yake samu idan ya faɗe ta.

A Amurka likita kan rubuta tiyata ko magani mai tsada, amma sai kamfanin inshora ya amince tukuna. In ya ƙi, kuɗin sun zauna a aljihunsa. Majinyaci na da damar ƙalubalantar hukuncin, to amma mai fama da ciwon daji ina ya ga ƙarfin bin takardu? Kisan shugaban kamfanin inshora na UnitedHealthcare a watan Disamba na 2024 abin Allah wadai ne, sai dai koke-koken da suka biyo baya sun nuna gyambon da ke zukatan jama'a.

A Ingila, hukumar lafiya ta NHS da aka kafa a 1948 ba ta neman kuɗi a bakin asibiti. Nata hanin jira ne: a 2023 jerin masu jiran magani ya haura miliyan 7, wasu ciwonsu na ƙaruwa suna kan layi. Hukumar NICE mai tantance magunguna kuma kan ƙi sabon magani idan tsadarsa ta rinjayi amfaninsa. Wannan ma da ciwo. Amma dalilinta a rubuce yake, kowa na iya karantawa, kuma babu mai hannun jarin da ke cin riba da shi.

Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, ga kamfanonin HMO a tsakanin majinyaci da asibiti. Muna kira ga hukumar inshorar lafiya ta NHIA da ta tilasta musu rubuta wa majinyaci dalilin duk wani hani, da sa hannun likita.