Raddi ga masu haramta waken Samaru

Tun da aka amince da fitar da waken SAMPEA 20-T ga manoma a 2019, wanda masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya suka samar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ake ta yaɗa magana a majalisai da wayoyi cewa cinsa haramun ne, shuka shi kuma cin amanar al'umma ne. Masu wannan ra'ayi ba duka ne jahilai ba. A cikinsu akwai malamai da likitoci, don haka sun cancanci a bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Babbar hujjarsu ta addini ce. Suka ce ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta cikin wake canza halittar Allah ne, kuma aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta jingina wannan aiki ga Shaiɗan. Sai mu tambaye su: wa ya riga ku zuwa wannan fassara? Imam Ɗabari ya tattaro maganganun magabata a kan ayar, ya rinjayar da cewa canza addinin Allah ake nufi. Wasu suka ce dandaƙar dabbobi ce, wasu suka ce zanen jiki. Da a ce duk wani sa hannu a tsarin haihuwar dabba ko tsiro ya shiga cikin hanin, da alfadari ne farkon abin zargi, tunda ba ya samuwa sai an haɗa jaki da goɗiya. Amma ga shi Suratun Nahli ta lissafa shi cikin ni'imomi, Annabi (SAW) kuma ya hau shi. Da haka ne, da mangwaro ɗan aure da ke lambunanmu ma ya haramta. Hadisin barkar dabino da ke cikin Sahihu Muslim ma ya bar sha'anin dabarar noma a hannun masu sanin ta. Kan irin waɗannan dalilai ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1998, ta halatta amfani da wannan ilimi a noma da kiwo, da sharaɗin a ɗauki matakan kauce wa cutarwa. Ashe hukuncin yana rataye ne a kan cutarwa, ita ce kuma ya kamata a tsaya a bincika.

Kuma mai haramta dabarar baki ɗaya ya duba firjin asibiti. Insulin ɗin da masu ciwon suga suke yi wa kansu allura da shi, tun 1982 aka fara samar da shi daga ƙwayar bakteriya da aka dasa wa gadon ɗan Adam. Kafin nan daga jikin shanu da aladu ake ciro shi. Rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jariranmu daga yis ɗin da aka sauya wa gado yake fitowa. Ba mu ji an haramta waɗannan ba.

Suka ce abin da ya kashe tsutsa zai kashe mutum. Wannan ta fi kama hankali, amma ba haka jiki yake aiki ba. Furotin ɗin da aka sa wa waken, Cry1Ab, daga wata bakteriyar ƙasa yake, wadda manoma suke fesawa a gonaki tun 1938 a Faransa. Ba ya tashi aiki sai a hanjin tsutsa, inda babu tsami, kuma sai ya tarar da wasu mazaunai a bangon hanjin da suka dace da shi kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Cikin mutum tsami gare shi, ba shi da waɗannan mazaunai, sai ya narkar da shi kamar sauran furotin. Hotunan ɓeraye masu ƙari da ake turawa daga binciken Séralini na 2012 suke. Masara aka ba ɓerayen, ta wani nau'i daban. Ɓera goma-goma ne a kowane rukuni, daga jinsin da ya saba yin ƙari idan ya tsufa, kuma mujallar da ta fara buga binciken ta janye shi a 2013.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun da suke yi a kan gubar da muke ci yanzu. Duk wanda ya taɓa noman wake ya san ɓarnar tsutsar maruka: ka ɗaga fure ka tarar ta saƙe shi da yana, ka ɓare kwanso ka ga ta cinye ƙwayar ta bar kashinta. A mummunar shekara tana iya kwashe kashi 80 cikin ɗari na amfanin. Shi ya sa manomi yake feshi sau shida zuwa takwas kafin girbi, sau da yawa yaro ne yake goye da tankin, ba takalmi, ba abin rufe hanci, ruwan maganin yana bin bayansa. Sabon irin ya rage feshin zuwa kamar sau biyu, na sauran ƙwarin da furotin ɗin bai taɓa su. Kuma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan fiya-fiyar da ta samu a jikinsa. Waken gargajiya ne wannan, kuma shi muke dafawa.

Suka ce makirci ne na hana haihuwa, wai irin ma ba ya sake tsira. Tsoron yana da tushe, ba zan raina shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan yana da haƙƙin yin tambaya. Sai dai mun ga inda zargi marar hujja ya kai mu a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna kan irin wannan magana, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Batun iri marar tsira kuwa, gaskiya ne an yi rajistar wata dabara mai haka a Amurka a 1998, amma ba a taɓa kai ta kasuwa ba. Wake kansa yake yi wa barbara, kuma wannan ma manomi na iya ajiye shi ya shuka baɗi. Mai shakka ya ɗebi ƙwaya goma ya binne a bayan ɗaki.

Akwai wurin da maganarsu take da nauyi, shi ne kuma suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Burkina Faso ta rungumi auduga mai irin wannan gado, daga baya ta watsar da ita a 2016 saboda zarenta ya gajarta, darajarta ta faɗi. Kowane iri da nasa hukuncin, kuma amincin waken Samaru bai zama shaida ga duk abin da za a kawo gobe ba. Tsutsa tana iya sabawa da furotin guda idan aka cika gonaki da shi ba tare da barin wani yanki na waken da ba shi da shi ba, kuma wannan sai da malaman gona a ƙauyuka, waɗanda suka yi ƙaranci. Mai saye a kasuwar Dawanau yana da haƙƙin sanin abin da ke cikin buhu, domin ɓoye wa mai saye abin da zai canza masa shawara ha'inci ne a shari'a. Hukumar NBMA mai sa ido kan irin da aka sauya wa gado, da aka kafa a 2015, wajibi ne ta riƙa fitar da sakamakon gwaje-gwajenta da Hausa, a rediyo, ta kuma bar masana da ba su da hannu a aikin su sake aunawa. Da malamanmu za su taru su matsa wa hukumar kan waɗannan, da ni ne zan fara sa hannu.