Mu Daina Cewa "Ai Netwok Ne"

Ni ɗan Batsari ne, ba wanda zai ba ni labarin rashin netwok. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da Batsari da Safana. Amma ranar da na shigo Katsina na buɗe imel, na tarar da saƙonnina kaf suna jirana. Rashin netwok ba ya cinye wasiƙa.

Shi ya sa abin ya ɗaure mini kai a kamfanin da na yi SIWES. Yau saƙo ya shigo, gobe shiru, har wani kwastoma ya gaji ya kai cinikinsa gaba. Kowa sai ya ce, "Ai netwok ne." Da muka duba MX, wato adireshin da ke nuna inda za a kai wasiƙun kamfanin, sai ga guda biyu. Ɗaya na tsohuwar saba ne da aka manta da ita a kunne. Tana ta karɓa, ba mai buɗewa.

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen kwamfuta, ba don mu riƙa canki-canka muke neman difloma ba. Kafin ka ɗora wa netwok laifi, tambayi yaushe aka turo, daga ina, sannan ka bi sawun saƙon a rajistar saba.