Ba rashin fowil ne ke kafe akori-kura ba

Da zarar damina ta kankama, wata tsohuwar magana kan dawo bakin masu motoci: wai duk akori-kurar da ba ta ja da ƙafa huɗu ba ta da abin yi a hanyar karkara. Dillalai ne suka fi kowa yayata wannan magana, domin su ke cin ribarta. Manomi mai jigilar taki, da ɗan kwangila, da jami'in lafiya mai kai allurar rigakafi ƙauye, duk an cusa musu cewa mafitarsu ita ce su ƙara miliyoyi su sayi mai fowil. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma mafi yawanta ciniki ne.

Tarihi ma bai goyi bayanta ba. Motar Peugeot 404, mai ja da ƙafafun baya kaɗai, ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A gasar 1963 ruwa da taɓo sun yi wa mahalarta ɓarna har motoci bakwai ne kacal suka kai ƙarshe, kuma 404 ce a gabansu. Ƙanwarta 504 ta lashe gasar a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Akori-kurar wannan gida ce ta yi shekaru tana kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye, a lokacin da kwalta ba ta kai ko kusa da yadda take a yau ba.

Asalin matsalar yana cikin aksul ɗin baya, a wata na'ura da makanikai ke kira difaranshal. Aikinta shi ne barin tayoyin biyu su juya da gudu daban-daban a kwana, kuma tana raba musu ƙarfin murɗawa daidai wa daida. Nan ne gizo ke saƙar. Idan taya ɗaya ta faɗa santsi, ƙarfi kaɗan ya ishe ta juyawa, kuma wannan ɗan ƙarfin ne kaɗai zai isa ga ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa. Sai a ga taya ɗaya tana watsa laka, ɗayar tana tsaye cik. Mai fowil ma ba ta tsira ba: idan ba ta da makulli, taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna iya yin ta juyawa a banza, motar kuwa ba ta motsa ba.

Saboda haka gyaran da ya fi kowanne tasiri shi ne makullin difaranshal, wanda ke tilasta wa tayoyin baya su juya tare. Kamfanin ARB na Ostireliya yana ƙera mai aiki da matsin iska, Eaton na Amurka kuma yana da mai kulle kansa idan taya ɗaya ta fara zamewa. Toyota ma ta daɗe tana sayar da Tacoma PreRunner, mai ja da baya kawai, tare da zaɓin makulli. Sai dai a kiyayi gurguwar dabarar nan ta yi wa difaranshal walda ya zama a kulle har abada. A kan kwalta hakan yana cinye taya, yana wahalar da aksul, yana kuma sa bayan mota ya kufce a kwana idan an yi ruwa.

Kafin a kai ga sayen makulli, akwai gyaran da bai cin ko sisi, wato rage iska. Al'adar masu faci ce su ɗura wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, wai don ta ɗauki kaya. Taya mai tauri kuwa ɗan wuri kaɗan take takawa, shi ya sa take nutsewa. Idan aka sauke iskar daga PSI 30 da ɗoriya zuwa wajen 18 ko 20, tafin tayar yana tsawaita, nauyi ya bazu, motar ta hau kan rairayi maimakon ta haƙa shi. Raƙumi ma da faɗin tafi yake cin sahara. Sharaɗin kawai shi ne a tafi a hankali, kada a yi wannan da lodi mai nauyi, kuma a mayar da iskar kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi a guje har ta fashe. Ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ya wadatar.

Sai batun nauyi. Akori-kurar da ba ta da kaya, fiye da rabin nauyinta yana gaba inda inji yake, alhali tayoyin da ke turawa suna baya. Buhunan yashi biyu zuwa huɗu masu kilo 50, a ɗaure su tamau a saitin aksul ko gaba da shi kaɗan, suna danna tayoyin su kama ƙasa. Ajiye su can bakin ƙofar bodi kuskure ne, don yana rage wa sitiyari riƙo.

Akwai kuma masu kashe kuɗi kan ado: a ɗaga mota sama, a sa mata manyan tayoyi masu haƙora. Ɗagawa ba ta ƙara riƙo ko kaɗan, sai dai ta ƙara haɗarin kifewa. Taya mai manyan haƙora tana da rana a cikin laka, amma a rairayi irin na Yusufari, direban da ya cika totur kabari yake haƙa wa motarsa da ita. Tayar da aka yi don kwalta da burji duka ta fi dacewa da yawancin hanyoyi.

Ragowar aikin na direba ne. A tashi da giya ta biyu, a riƙe gudu matsakaici ba tare da tsayawa a tsakiyar taɓo ba, a ɗaga ƙafa daga totur da zarar taya ta fara juyawa a wuri ɗaya. Jan birkin hannu kaɗan yana tura ƙarin ƙarfi ga tayar da ke da riƙo. Shebur da faifan katako da igiyar ja mai ƙwari su zauna a mota kullum.

Adalci ya wajabta a faɗi iyakar wannan hujja. A baƙar lakar firgi ta wajen Dikwa da Ngala a watan Agusta, ko a hawan dutse mai santsi, fowil mai ƙaramar giya ta fi, kuma babu buhun yashin da zai cike wannan giɓi. Wanda aikinsa ke can ya saye ta. Amma mafi yawan masu akori-kura burji da yashin rafi da ɗan taɓon fadama suke ratsawa. Ga irin waɗannan, musamman hukumomi da ƙungiyoyin da ke sayen motoci da kuɗin jama'a, tambayar da ta kamata ta riga zuwa wurin dillali ita ce: an koya wa direba auna iskar taya?