Hayar Manhaja: Tsakanin Almubazzaranci da Cin Haƙƙin Wani

Ya 'yan uwa masu karatu, yau ina so in ja hankalinmu zuwa ga wata kafa da dukiyar masu sana'ar kansu ke zurarewa ta cikinta a ɓoye, wato kuɗin hayar manhajojin kwamfuta. Ina nufin masu zane, masu tace bidiyo da masu fassara, waɗanda ba su da albashi sai abin da hannunsu ya samo.

A da, mutum kan sayi manhaja a faifai sau ɗaya, ta zama tasa. Amma a 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sabon Photoshop ta wannan hanya, ya koma karɓar haya, kamfanoni da dama kuma suka bi sahu. Galibin hayar da dala ake ƙiyasta ta. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 a farashin gwamnatin Najeriya ba, amma a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ke nan hayar dala 20, wadda ba ta kai naira 10,000 ba, ta zarce 30,000, alhali mai kawo aikin katin biki bai ninka ladan da yake biya ba.

A nan mutane suka rabu gida biyu. Wasu sun bar katin bankinsu ana cirar kuɗi kowane wata domin manhajojin da ba su buɗewa, wanda almubazzaranci ne ko da kuɗin kaɗan ne. Wasu kuma sun koma ga manhajar da aka fasa makullinta, suna cewa kamfanin ba zai ji a jikinsa ba. To, a sani cewa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba. Arzikin mai kaya ba ya halatta ɗaukar kayansa.

Ra'ayina shi ne a ɗauki kowace manhaja tamkar ɗan ƙwadago: wadda ba ta samo ladanta ba, a sallame ta. Ka zauna ka rubuta duk abin da ake cira daga asusunka, a gaban kowanne ka sa aikin da ya kawo maka kuɗi cikin wata uku. Abin da ya rage, ka saka kuɗinsa cikin farashin aikinka, kamar yadda tela ke lissafa zare.

Sannan ka karanta sharuɗɗa kafin ka amince. A tsarin Adobe na shekara da ake biya wata-wata, wanda ya fasa bayan kwana 14 yakan biya rabin abin da ya rage masa. A 2024 gwamnatin Amurka ta kai kamfanin kotu bisa zargin ɓoye wannan sharaɗi. Wanda aikinsa na lokaci ne, kamar kakar zaɓe ko ta bukukuwa, tsarin wata ɗaya ya fi masa sauƙi, ko da farashinsa ya ɗara.

Akwai kuma hanya ta uku, halal kuma kyauta: GIMP da Krita don hoto, Inkscape don tambari, LibreOffice don rubutu da lissafi, Blender da DaVinci Resolve na kyauta don bidiyo. Gaskiya ne koyonsu na cin lokaci, kuma wani mai ba da aikin zai nace sai da Adobe. In haka ta faru, ka biya hayar watan, ka sa a lissafinsa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah Ya sa albarka a neman halalinmu, Ya tsare mu daga ɗaukar haƙƙin wani. Wassalam.