DAGA BAKIN ZAURE: Kayan Wasan Gwanjo da Goron Sallar Yara

Ga Sallah ta ƙarato, teloli sun daina amsa gaisuwa, masu kitso da masu lalle sun fara ɗaga kai, magidanci kuwa duk inda ka gan shi a cikin trotro lissafi yake yi da yatsu. Bayan ɗinki da takalma da kajin miya, akwai wani ɗan abu da kan zo a ƙarshen lissafin, wato abin wasan da za a miƙa wa yara ƙanana ranar idi. Yawancinmu mutanen zango ba mu shiga manyan kantuna saboda wannan. Kantamanto muke nufa idan muna Ankara, ko Kejetia idan muna Kumasi, mu tsuguna gaban tulin kayan gwanjo mu yi ta tono. A kan wannan tonon nake so mu tattauna a wannan wata, domin bara ya kusa jawo mini abin da ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Tun da fari bari mu kawar da zancen kunya. Na san akwai masu ɓoye ledar gwanjo a ƙarƙashin riga kada maƙwabta su gani, akwai kuma masu cin bashi su sayi sabo fil don a ce sun yi. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin waɗannan, da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Yaro ɗan shekara 3 bai san farashi ba, bai san kwali ba. Mu da muka tashi da motar gwangwanin Milo, wadda muke yanka mata tayoyi daga tsohon silifa, ko 'yar tsanar kara da 'yan uwanmu mata ke goyawa da tsumma, mun san farin cikin yaro ba ya bin kuɗin da aka kashe. Sau da yawa ma abin wasan gwanjo na ainihi ya fi sabon da ake tallarsa a bakin titi ƙwari, wanda kafin la'asar ɗin ranar Sallah ya rabu gida uku. Saboda haka ni ban hana kowa sayen gwanjo ba, ni ma bana can zan koma. Sai dai zan koma da ido a buɗe.

Ga abin da ya faru. Ana saura kwana biyu Sallah na shiga kasuwa na tsinto wa jikokina biyu abin wasa. Ita babbar, amaryata 'yar shekara 6, na samo mata ƙananan tukwane da ludayi na roba. Shi kuma ƙaninta, wanda bai cika shekara 2 ba, na ɗauko masa wata 'yar wayar hannu ta wasa mai walƙiya da kiɗa idan an danna. Na lura murfin wurin batir ɗinta da salatif aka liƙe shi, amma da na ji tana kiɗa sai na ce ai lafiyarta ƙalau, na biya na tafi.

Ranar Sallah bayan mun sauko daga idi, gida ya cika, ana ta rabon tuwo da waina, sai ga amaryar tawa ta zo da gudu tana cewa, "Kaka, Kaka, ga kwabo a bakin ƙanina!" Uwarsa ta sa yatsa ta zaro, sai ga ɗan batir mai kama da maɓallin riga. Muka duba wayar, salatif ya ɓare, gurbin batir uku ne, ɗaya na ciki, ɗaya na hannun uwar, na ukun kuwa ko sama ko ƙasa. Surukata ta dube ni ta ce, "Baba, ko ya haɗiye?" Ban iya ce mata komai ba. Da babbar rigata ta Sallah muka tare tasi sai asibiti, muka wuni a can ana jiran a ɗauki hoton cikinsa. Allah Ya taimake mu hoto bai nuna komai ba, da daddare kuma uwargida ta tsinci batir ɗin a ƙarƙashin tabarma. Ta ajiye mini shi a tafin hannu ta ce, "Malam, ga goron Sallarka." Har yau yana cikin aljihun tebur ɗina.

A asibitin ne wata nas ta zaunar da ni ta yi mini karatun da ban taɓa ji ba. Shi irin wannan batir, idan ya maƙale a hanyar abinci, yawu ne ke haɗa wutarsa, sai ya fara haifar da wani sinadari irin sodar da mata ke yin sabulu da ita, ya riƙa cin nama. Cikin awa 2 kacal yana iya yin mummunar ƙuna, har ya huda maƙoshi. Wanda ya fi haɗari shi ne mai faɗin milimita 20, irin na makullin mota da sikelin awo, domin shi ne ya fi maƙalewa. Ko wanda muke cewa ya mutu, da sauran wutar da za ta yi ɓarna a cikinsa. Abin tsoron kuma shi ne yaron na iya ci gaba da wasansa, ko ya ɗan yi tari da dalalar da yawu, a ɗauka mura ce. Don haka duk wanda ya yi zargin yaro ya haɗiyi batir, kada ya jira, kada ya sa shi amai, ya nufi asibiti nan take. Tun 2018 likitoci a Amurka ke ba da shawarar cewa idan yaron ya haura shekara 1, yana iya haɗiya, kuma ba a wuce awa 12 ba, a riƙa ba shi zuma cokali biyu na shayi duk bayan minti 10 a kan hanya, kada a wuce sau 6. Jariri da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma. Kada kuma neman zumar ya jinkirta tafiya.

To, mai karatu, laifin wa? Ni ban ɗora wa mai tebur ba. Su kansu 'yan kasuwar a rufe suke sayen dila idan ta iso daga tashar jirgin ruwa ta Tema, ba su san abin da ke ciki ba sai sun yanke ɗaurin. Da yawansu ma 'yan uwanmu ne, waɗanda gobarar farkon Janairun 2025 ta cinye wa jari a Kantamanto, suna ta fafutukar tashi. Matsalar ita ce, a ƙasar da aka ƙera abin wasan, da kwalinsa ake sayar da shi, a jikin kwalin kuma an rubuta shekarun yaron da ya dace da shi da duk gargaɗin da ya kamata. Kafin ya iso hannunmu kwalin ya daɗe da shiga shara. Aikin da kwalin nan zai yi, yanzu ya koma kan wanda ya tsuguna yana tono. Ga abubuwan da ni dai na ɗaukar wa kaina.

Na farko, duk abin da ke kiɗa ko walƙiya, juya bayansa. Idan murfin batir ba da sukuru aka ɗaure shi ba, ko an liƙe shi da salatif, ko ya tsage, ajiye shi komai kyansa. Haka idan ka ga farin gari ko tsatsa a gurbin, alamar tsohon batir ya zubo ke nan.

Na biyu, girma. Yaron da bai kai shekara 3 ba, bakinsa ne hannunsa na uku. Masu gwada kayan wasa a Turai da Amurka suna da wani ɗan bututu mai faɗin santimita 3 da 'yan kai, duk abin da ya shige cikinsa ba a yarda a ba ƙaramin yaro ba. Mu a gida kwalin tsakiyar tishu ya ishe mu awo. Idan abu ya wuce ta cikinsa, to zai iya shaƙe yaro. Kada ka tsaya ga abin wasan a dunƙule, ja idon 'yar tsana, murɗa tayar mota, girgiza ka ji ko wani abu ya kwance a ciki. Idan kuma ka ga jan da'ira da fuskar jariri da lamba 0 zuwa 3 an ja musu layi, ma'anarta kada a ba ɗan ƙasa da shekara 3. Doguwar igiya da za ta iya zagaye wuya, a yanke ta.

Na uku, mayen ƙarfe. Wasu kayan wasan ana sa musu ƙananan maganaɗisu masu ƙarfin gaske. Idan yaro ya haɗiyi biyu, suna iya jan juna daga lungu biyu na hanji, su matse naman da ke tsakani har ya huje, sai an yi tiyata.

Na huɗu, fenti. Tsofaffin motocin ƙarfe da kayan katako masu fenti da ya fara ɓarewa, a bar su. A watan Agustan 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye kayan wasa kimanin miliyan 1.5 daga kasuwannin duniya saboda dalma a fentinsu, bayan mako biyu kuma ya sake janye fiye da miliyan 18 saboda maganaɗisu masu ficewa. A 2008 ne Amurka ta ƙara tsaurara dokarta a kan haka. Janyewa daga kanti ba ta kai ga kowane gida ba, kuma abin da ya kwana a ɗakin ajiyar wani shekara da shekaru, wata rana yana iya faɗawa cikin dila. Mu Hausawa ba baƙin sunan gubar dalma ba ne, tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadin ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, a hankali take aiki, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da zazzaɓi ko kuka ba, sai an sa shi makaranta a ga karatu ya ƙi shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa.

Na biyar, wanki. Abin nan ya ratsa teku, ya kwana a sito, ya sha ƙurar kasuwa. Na roba a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu. Na auduga da gashi-gashi a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana har ya bushe ƙayau, a duba ɗinkinsa saboda kuɗin cizo. Wanda ke warin ruma, wanki ba zai fisshe shi ba. Wannan ne ya sa sayayyar daren Sallah ba ta da kyau, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A saya da saura mako guda.

Kada kuma wani ya ce shi ya tsira tunda sabo yake saya. Bindigar roba mai harba ƙananan ƙwallaye, wadda yaranmu ke bin juna da ita a lungunan Nima da Aboabo duk ranar Sallah, sabuwa ake sayenta, kuma ido ba shi da gwanjo. Balan-balan ma idan ta fashe, guntunta na cikin abubuwan da suka fi shaƙe ƙananan yara. Awon da za ka yi wa tsoho, yi wa sabo shi.

Me ya rage ke nan a saya? Da yawa. Ƙwallo babba, manyan bulo na roba da ake ɗorawa, motar roba mai ƙwari wadda ba ta cin batir, littafin hotuna mai kaurin shafi, tukwanen wasa ga 'yan mata da suka ɗan tasa. Tukwanen da na saya wa amaryata bara har yanzu tana dafa mini tuwon ƙasa a ciki, ina biya da alewa. Wani abu kuma, gidajenmu na zango gidajen haya ne masu tsakar gida ɗaya, abin wasan ɗan shekara 7 cikin minti biyar ya isa hannun mai rarrafe na ɗakin maƙwabta. Idan za ka zaɓa, tuna da ƙaramin yaron da ke gidan, ko da ba naka ba ne.

Bana na riga na gaya wa uwargida tare za mu je kasuwa, ni da kwalin tishu a aljihu, ita da idonta da ya fi nawa gani. Wanda ya gan mu muna ta zura kaya a kwali, ya yi dariyarsa, mun yafe. Allah Ya raya mana zuriya, Ya kai mu Sallah lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah Ya yarda.