Rimot ɗin mota: Me ke rage masa zango, kuma ina haɗarin ƙara masa nisa?

A garuruwa irin su Rano da Kibiya, ba kowane mai mota ne ke da garejin da zai shigar da ita ba. Lungunan cikin gari matsattsu ne, don haka mota kan kwana a ƙofar gida ko a bakin titi, mai ita kuwa yana can ƙuryar ɗaki, tsakaninsu akwai zaure da katanga da rufin kwano. Shi ya sa da zarar rimot ɗin ƙararrawa ya daina kaiwa daga ɗaki, sai hankalin maigida ya tashi, ya fara neman dabarar ƙara masa zango.

Rimot ƙaramar tashar rediyo ce mai rauni. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka galibi suna aiki ne a kan mita 315, na Turai kuma a kan 433 a ma'aunin megahaz. Da gangan aka taƙaita ƙarfinsa don kada ya shiga hurumin wasu na'urori. Katangar ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe da kwano duk suna cinye saƙon kafin ya isa mota.

Abin da ake iya gyarawa a gida

Mafi yawan lokuta laifin batiri ne. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo, irin su CR2032, ƙarfinsa bolt 3 ne, kuma tun kafin ya mutu zango ke fara raguwa. Sanyin hunturu na ƙara kashe masa jiki, ƙura kuma ta shige ƙarƙashin maɓallan. Sabon batiri mai inganci da goge cikin rimot da auduga da ɗan sifirit kan dawo da nisan da aka saba.

Na biyu shi ne eriyar akwatin ƙararrawar da ke cikin motar. Siririyar waya ce, wadda masu wayarin kan naɗe su cusa cikin sauran wayoyi a ƙarƙashin sitiyari don aiki ya yi kyan gani. Idan aka warware ta, aka miƙar da ita sama wajen gilashi, nesa da ƙarfe, bambancin na fitowa nan take. Sai dai tsawonta a lissafe yake: kimanin santimita 17 ga mai 433, kusan 24 ga mai 315. Wanda ya yanke ta ko ya ƙara mata waya da ka, yana iya rage zangon da yake neman ƙarawa.

Akwai kuma cajar waya da fitilu masu araha da ake jonawa a mota, waɗanda wasunsu ke fitar da hayaniyar lantarki mai danne saƙon rimot.

Inda gizo ke saƙar

Nisa yana da tasa illar. Direban da rimot ɗinsa ke kaiwa daga nesa yakan saba da danna maɓalli yana tafiya, ba tare da ya waiwaya ba. A ranar kasuwa ko wajen ɗaurin aure, wannan ɗabi'a ce ɓarayi ke jira. Akwai na'urorin da ke toshe saƙon rimot, mai mota ya tafi da zaton ya kulle alhali ƙofa a buɗe take. Salon ya yi ƙaurin suna a Afirka ta Kudu, inda aka daɗe ana gargaɗin direbobi a kansa.

A shekarar 2015, wani masanin tsaron na'urori ɗan Amurka, Samy Kamkar, ya nuna wata na'ura mai suna RollJam da ya haɗa da kimanin dala 30, wadda ke kama lambar sirrin rimot ta adana ta. Idan har ana iya yi wa rimot mai sauya lamba haka, to masu araha da lambarsu ba ta canzawa sun fi sauƙin kwafa. Kuma duk yadda saƙo ya ƙara nisa, haka filin da za a iya tare shi ke ƙara faɗi.

Sannan ƙara zango ba ya kai kukan ƙararrawa kunnen mai barci. Wannan aikin rimot mai kai da komo ne, wanda ke yin ƙara a hannun mai shi idan an taɓa motar.

Don haka gyaran batiri da eriya abu ne mai kyau, amma idan kana da kyau ka ƙara da wanka. Jan marfin mota da hannu bayan an danna rimot, da makullin sitiyari, da fitila a ƙofar gida, da haɗa kai da 'yan sintirin unguwa, su ne ke tsaya wa ɓarawo a wuya. Haka abin yake ga masu babura, waɗanda a karkarar Kano ta Kudu suka fi masu mota yawa, kuma babur ɗin ne jarin gidan.